Nauyin Tela

Direba ya yi ƙarya, kuma ba da baki ya yi ta ba, da hannuwansa biyu ya yi ta. Ga shi nan da sanyin safiya tsaye a bayan maƙwabcinsa Tela, ya zura hannuwan ta ƙarƙashin hammatar tsohon, ya tokare ƙafa ɗaya a jikin gado. Tela kuwa yana tsaye a kan sikeli, wani faifan gilashi mai faɗin tire da asibiti ta ba shi. Wanda ya leƙo ta taga zai ce ga mutumin kirki yana riƙe da mara lafiya don kada ya faɗi. Ba riƙo yake yi ba. Ɗagawa yake yi.

"Ƙara kaɗan," in ji Tela, idonsa a kan lambobin da ke rawa tsakanin ƙafafunsa.

Direba ya cije leɓe ya ƙara. Lambobin suka sauko, suka yi ɗan kai-kawo, suka tsaya kusa da inda suka tsaya jiya. Wayar da ke kan keken ɗinki ta yi ƙara ɗaya, alamar saƙo ya tafi. Wuri biyu yake zuwa: allon Nas a asibiti, da wayar Malama, 'yar Tela tilo, wadda take aure take kuma koyarwa a wani gari mai tafiyar yini guda. Dukansu za su duba su ga kore, alamar lafiya, su gode wa Allah, su shiga hidimarsu.

Ya zaunar da tsohon a bakin gado. Su biyun haki suke yi kamar waɗanda suka sauke buhu. Da Tela ya samu numfashi sai ya ce ashe Sarkin Hanya ya tsufa, ɗan wannan lodi har ya sa shi gumi. Direba ya ce lodin ne ba ya jin magana, kullum ƙaruwa yake. Suka yi 'yar dariya wadda ba ta kai ciki ba. Daga nan ya ɗaura masa abin awon jini a damtse, ya murza masa yatsa ya yi ɗumi kafin ya maƙala ɗan abin awon iska, ya miƙa masa ƙwayoyinsa da ruwa rabin kofi.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidajensu tun suna da baƙin gashi. Tela ya ɗinka wa 'ya'yan Direba rigunan makaranta, Direba ya kai matar Tela asibiti a gaban babbar motarsa ranar da za ta haifi Malama, shi ne kuma ya kama makara ranar da matar ta rasu. Da zuciyar Tela ta gaji, ta daina tura jini yadda ya kamata, Malama ta yi juyin duniya ya koma wurinta. Ya ce ba zai je ya tare a ɗakin baƙin suruki ba yana da nasa ɗakin. Sai ta sa shi a wani shiri na asibiti da ake duba irinsu suna gida. Aka kawo sikelin da sauran kayan awon, aka haɗa su da waya. Abin da ya rage shi ne mutumin da zai riƙa shigowa kowace safiya kafin Tela ya ci komai, ya ga an yi awon. Direba ya ajiye tuƙi, ba shi da aiki sai sauraron rediyo da faɗa da jikoki. Shi ya ce a ba shi.

Da farko gaskiya yake aikawa. A cikin watan farko nauyin ya hau da kilo biyu a 'yan kwanaki, Direba ya yi murna, ya leƙa ta katanga ya gaya wa matarsa cewa Mai Allura ya fara ƙiba, girkinta ya karɓe shi. Bai gama murnar ba wayar ta yi ƙara. Nas ce, wata yarinya mai saurin magana da ba ta iya kwana-kwana ba. Ta ce masa wannan ba ƙiba ba ce, ruwa ne. Zuciya in ta gaza, ruwa yake taruwa a ƙafa, ya hau ciki, ya ƙare a huhu, kuma sikeli yana ganinsa tun kafin ido ya gani. Ta sa shi ya maimaita mata abin da ta faɗa, ya maimaita. Don haka kada wani ya ce bai sani ba.

A wancan karon sai da aka kwantar da Tela. Malama ta ga ja a wayarta tana tsakiyar aji, ta bar alli a kan tebur ta nufi tasha. Ciki ne da ita, wanda ta yi shekaru tana nema, biyu sun riga sun zube. Hanya ba ta da kyau. Ta sauka daga mota da jini, aka kwantar da ita a wani ɗaki na asibitin nan, ubanta yana wani. Allah ya tsare cikin, amma likita ya ce in ta koma gida kada ta sake hawa mota mai nisa sai ta sauka. An ɓoye wa Tela, sai dai matar Direba ba ta iya riƙe magana ba. Ya ji, ya juya fuska bango.

Bayan ya dawo gida, wata safiya jiri ya ɗebe shi a kan sikelin. Direba ya yi wuf ya tare shi ta hammata. Kafin su ankara lambobi sun tsaya, wayar ta aika, kuma abin da ta aika ya yi ƙasa da na jiya. Suka dubi lambobin, suka dubi juna. Da Direba ya yi shiru da abin ya wuce. Amma bakinsa ya ja shi. Ya ce ai wannan tsohuwar dabara ce, lokacin da yake jan babbar mota in lodi ya yi yawa aka zo wurin awo, sai direba ya bar tayar baya ɗaya a gefen ƙarfen, ƙasa ta ɗauke masa rabonta, ma'aikaci ya buga takarda a wuce. Tela ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da tarin ya lafa, ba dariya a fuskarsa.

"To ga tsohuwar mota nan," ya ce. "Ka san halin da uwata take ciki. In abin nan ya sake yin ja, mota za ta hau. Ni ba zan zama sanadi ba."

Uwata yake ce wa Malama tun tana goye. Direba ya ce a'a, ya ce wasa yake yi, ya ce Nas za ta gane. Tela ya ce 'yan kwanaki ne kawai, kafin ƙwayar fitsari ta kama jikinsa ruwan ya sauka da kansa. Ya ce tun da suke bai taɓa roƙonsa komai ba, ko allura. Wannan gaskiya ne. Washegari Direba ya zura hannuwansa, ya ɗan ɗaga, abin da bai fi nauyin kaza ba.

Yana da abin da yake gaya wa kansa. Ai kowane mara lafiya aka ce masa ya jiki, da sauƙi yake cewa, ko yana ganin kabarinsa. Ba wanda ya taɓa kiran wannan ƙarya. Shi dai sikeli ne bai san kara ba, shi ne yake koya masa. Wannan zancen banza ne. Mai jin da sauƙi ya san yadda zai auna ta. Zai saurari muryar, ya dubi idon, ya rage abin da zai rage. Lamba kuwa ba a rage mata komai, yadda ta zo haka ake karɓarta, kuma saboda haka ne Malama ta ajiye ta a ɗakin. Ta san ubanta. Ta nemi abin da ba zai yi mata kara ba, sai aka samu wanda ya lalata shi.

'Yan kwanaki suka zama makonni. Nauyin kaza ya zama na akuya. Direba ya ƙware, ya san kada ya bar lambar ta tsaya wuri ɗaya kullum, yau ya bar ta ta ɗan hau, gobe ta ɗan sauka, kamar ta mai rai. Tela ya yanke madaurin silifas ɗinsa saboda ƙafa ta daina shiga. Ya farke wandonsa ya ƙara masa ƙyalle a ƙugu, da hannu, don ƙafar ba ta iya taka keke kuma. In Direba ya danna masa ƙwauri da babban yatsa, ramin yakan zauna kamar a cikin ɗanyen yumɓu. Kwanciya ta gagara. Ya koma barci a zaune, ya ja kujera gaban keken ɗinkin, ya ɗora matashi a kan teburinsa ya kifa kai. Da safe Direba yakan same shi da shatin matashin a goshi.

Duk mako Nas takan kira. Ta tambayi numfashi, Tela ya ce da sauƙi. Ta ce awon iska ya ɗan yi ƙasa, ya ce yatsansa ne mai sanyi, jinin tsufa. Ta dubi layin nauyi a allonta, ta gan shi miƙe kamar igiyar shanya, hankalinta ya kwanta. Mutum tamanin take dubawa a allon nan, waɗanda suka yi ja su take bi. Wata rana ta ce a ba ta Direba, ta ce masa da kowane mara lafiyarta yana da maƙwabci irinsa, da ta yi ƙiba. Direba ya ce ba komai, yi wa kai ne.

Da yamma Malama takan kira ta hoto. Kafin a ɗauka Tela yakan sa hula, ya yafa babbar riga, a rufe ƙafafun da bargo. Direba ke riƙe wayar daidai fuska, ba ya bari ta sunkuya. Ta ce Baba ka yi kumatu, Tela ya ce matar Sarkin Hanya ce take ɗura masa kamar ɗan tsako. Takan nuna masa labule biyu ta ce wanne ya fi dacewa da ɗakin, ya ce wannan ɗinkin ba na tela ba ne, na mai gyaran tanti ne. Ta ba shi labarin wata ɗaliba da ta zo da kyanwa a jaka. In maganar ta yi tsawo numfashi ya fara yanke masa, sai ya taɓa gwiwar Direba, Direba ya girgiza wayar ya ce sabis ya ɗauke, ya kashe. Kafin a kashe takan ce, Baffa, kai ne idona a can. Yakan ce in Allah ya yarda.

Sau ɗaya ya yi yunƙurin dainawa. Ya shigo ya tarar da leɓen Tela ya yi duhu, cikin ya tashi kamar tulu. Ya zauna a kan buhun ƙyallaye ya ce yau ba zai ɗaga ba, abin ya wuce wasa. Tela bai yi faɗa ba, ba shi da numfashin faɗa. Ya ce saura wata ɗaya ta sauka. Ya ce shi ya ci zamaninsa, abin da ke cikinta bai ko sha iska ba, in za a zaɓa ai ba sai an yi dogon tunani ba. Ya ce in ta sauka lafiya, ranar da kansa zai hau sikelin ba mai taɓa shi, a kai shi duk inda za a kai shi.

Akwai ƙofa ta uku a buɗe, kuma Direba ya gan ta. Lambar Nas tana cikin wayarsa. Yana iya fita bakin titi ya kira ta, ya gaya mata yadda ƙafafun suke, ya roƙe ta ta yi abin da za ta yi a hankali ba tare da an tayar da Malama tsaye ba. Har ya fita. Ya tsaya a gindin falwaya kusa da shagon unguwa, ya nemo lambar, ya dube ta. Sai ya ji a kunnensa yadda yarinyar nan za ta tambaye shi, to Baba, me ya sa sikelin bai nuna ba? Ya tuna yabon da ta yi masa. Dattijo mai jikoki zai tsaya sa'ar 'yarsa tana wanke shi. Mai Shago ya leƙo ya ce ya jikin Tela, ya ce da sauƙi, ya mayar da wayar aljihu ya koma ciki. Har zuwa ranar nan ana iya cewa tausayi ya ja shi. Daga ranar nan girmansa yake tsarewa.

Jiki kuwa ba ya karɓar uzuri. Bayansa ya fara ciwo, ya ce wa matarsa ai hidimar Tela ce, sai an ɗaga shi ake awo. Ta riƙa shafa masa man zafi tana sa masa albarka.

Ranar da abin ya ƙare, an tashi da hadari, ɗakin duhu, suka kunna fitila. Da ƙyar Tela ya taka zuwa sikelin, yana jan ƙafa. Direba ya tokare, ya zura hannu, ya ɗaga. Lambobin ba su sauko inda ake so ba. Ya ƙara. Sai wani abu ya tsinke a ƙugunsa, zafi ya tsarga masa har dunduniya, hannuwan suka saki da kansu. Ya durƙushe a jikin gado. Kada a ce tuba ya yi. Bayansa ne ya gaza.

Tela ya tsaya shi kaɗai, yana layi, hannu a sake. Lambobin suka hau, suka hau, suka tsaya. Wayar ta yi ƙararta ɗaya. Ya daɗe yana kallon ƙasa.

"Ashe abin da kake ɗauka ke nan," ya ce. "Sannu, Sarkin Hanya."

Ba a yi minti biyar ba Nas ta kira. Ta ce sikelin ya samu matsala, mutum ba ya ƙara kilo tara a kwana ɗaya, a sake hawa. Direba yana durƙushe ya ce ba sikelin ba ne. Ta ce ya ɗauki hoton ƙafafun ya turo mata. Ya ɗage bargon ya ɗauka. Da ta sake kira muryarta ta canja, ba sauri a cikinta. Ta ce a kawo shi yanzu, kada a tsaya neman hula. Tana ajiyewa kiran Malama ya shigo, ya katse, ya sake shigowa. Tela ya ce kada a ɗauka. A karon farko Direba bai bi maganarsa ba, amma da ya ɗauka bai iya cewa komai ba sai sunan asibitin.

Mai Shago ya kawo motarsa. Shi da wani mai walda suka ɗauko Tela a kan kujerarsa, don ba ya iya kwanciya. Direba ya shiga baya a karkace, ya tallafe kan abokinsa a kafaɗa. Ruwa ya sauko suna hanya. A asibiti aka sa masa robar iska, aka yi masa allurai, aka ce a jira. Nas ta zo ta tsaya a bakin gadon, ta danna ƙwaurin, ta dubi Direba sau ɗaya. Ba ta tambaye shi komai ba, akwai aiki a gabanta.

Malama ta taso, mijinta ke tuƙi, a hankali saboda ita. Bayan azahar ta kira ta ce a sa mata wayar a kunnensa. Direba ya riƙe. Yana jin muryarta ƙasa-ƙasa tana cewa ga ta nan, sun wuce rabi, ya jira ta. Idon Tela a rufe, robar tana gumi tana washewa. Ko ya ji ko bai ji ba, Allah ya sani. Ya cika kafin la'asar, ruwa bai tsaya ba.

Sai da safe aka kai shi. Kafin a rufe shi Malama ta shiga ta yi masa addu'a, ta ga jikin da aka ɓoye mata a ƙarƙashin bargo. Ta fito. Tana da wayar da ta nuna mata kore har shekaranjiya, ga kuma abin da idonta ya gani, ta rasa yadda za ta haɗa su.

Matar Direba ce ta haɗa mata, da zuciya ɗaya. Mata sun cika tsakar gida ana gaisuwa, wata ta tambayi ina Direba, ba a gan shi a maƙabarta ba. Matar ta ce yana kwance, baya ya riƙe. Ta ce ai bawan Allah nan ya yi zumunci, kullum safiya sai ya ɗaga marigayi a kan abin awon nan, ɗagawa fa sosai, har sai ya dawo gida yana gumi, ga shi ƙarshe ƙugu ya tafi. Mata suka ce Allah ya saka masa. Malama ta ajiye kofin da ke hannunta.

"Ɗagawa, Inna?"

"Ɗagawa, 'yar nan. Da hannu biyu."

"Tun yaushe?"

"Ai tun dawowarsa daga asibiti wancan karon."

Malama ta ce Allah ya saka, kamar yadda kowa ya ce.

Da mutane suka ragu a kwana na uku, Nas ta zo gaisuwa da karɓar kayan asibiti. Malama ta shiga da ita ɗaki suka daɗe. Abin da Nas ta gaya mata gajere ne. Ba ta ce da zai rayu ba, zuciyar ta riga ta yi nisa. Ta ce da ta ga nauyin yana hawa tun farko, da ta waya za ta ƙara masa ƙwaya, in bai ji ba a turo mai allura har gida, wataƙila ma ba sai an kwantar da shi ba. Ta naɗe wayoyin, ta sa sikelin a kwalinsa, ta tafi.

Sannan Malama ta aika a ce tana son ganin Baffa. Ya shigo da sanda, a sunkuye, ya zauna a kan buhun ƙyallaye. Ita tana kan kujerar da ubanta yake barci, cikinta ya kusa taɓa teburin keken. Ta gaishe shi da jiki, ta yi masa ta'aziyyar amininsa, shi ma ya yi mata. Bai jira ta tambaya ba. Ya ce marigayi ne ya roƙe shi, saboda ita, saboda abin da ya faru wancan karon. Ya ce Allah ya sani ba mugunta ba ce.

"Na sani, Baffa," ta ce. "Shi mara lafiya ne, kuma uba. Dole ya ɓoye mini. Shi ya sa na sa ka."

Direba ya ce da ta ga ja da ta hau mota.

"Wataƙila. Wataƙila kuma da na zauna, likita ya hana ni. Amma da ni zan zauna in yi kukana in zaɓa." Ta shafa teburin keken da tafin hannu. "Wata biyu ina kiransa kullum. Da na san tafiya yake yi, akwai abin da zan tambaye shi. Akwai gafarar da zan nema. Sai na ƙare ina nuna masa labule."

Ya dubi ƙasa, inda ƙafafun sikelin suka bar tabo huɗu a kan leda. A waje wata mata tana kankare tukunya. Malama ta ce ta gode da dukan wahalar da ya sha, ta san ya sha. Sannan ta ce in ba damuwa, ya aiko mata da mabuɗin gidan da ke wurinsa.

Mabuɗin nan ya fi shekara talatin a rataye a ƙusa bayan ƙofar Direba. Jikarsa ta kai mata da yamma.

Malama ba ta iya komawa ba sai da ta sauka, a asibitin nan da ubanta ya cika. Namiji ta haifa, lafiya lau. Direba a bakin Mai Shago ya ji, yana auna wa wata yarinya sukari yana gaya wa wani. Da ta yi ƙwari mijinta ya zo ya ɗauke ta. Ta shiga ta yi wa matar Direba sallama, ta gaishe shi daga bakin ƙofa da ladabi, ta rufe gidan ubanta, ta ba Mai Shago mabuɗin.

Ba wanda ya zage shi, ba wanda ya kai shi ƙara. Bayansa bai sake miƙewa ba, kuma ba a sake ba shi amanar komai a layin nan ba. Da safe yakan fito ya zauna a kan benci a ƙofar gidansa, haɓa a kan sanda. Mai Shago ya zo ya buɗe gidan Tela, ya ɗaga tagogi iska ta shiga, ya share tsakar gida, ya fito ya kulle. Ya ce ina kwana Baba, Direba ya amsa, ya sa mabuɗin a aljihu ya wuce.